ƊAKIN IBADA A GWANJO: WA YA GINA, WA ZAI KWANA?

Jama'a, yau za mu ƙetare teku da ku, mu leƙa Ingila da Amurka, ku ga wani ciniki da a ke yi can wanda ko ɗan gwanjo ya yi irinsa a kasuwarmu sai ya sunkuyar da kai. Tsofaffin majami'u ne na cikin birane, watau coci-coci, a ke rufewa ana sayarwa, 'yan kwangila suna yanyanka cikinsu suna mai da su gidajen kwana. Jaridun can suna buga hotunansu suna ta yabo, wai an ceci tsohon gini daga rushewa, wai an ƙara wa gari gidaje. Mu kuwa da muka bi sawun kuɗin, daga aljihun da suka fito har aljihun da suka faɗa, sai muka tarar kura ce da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Tun da fari bari mu faɗi inda muka tsaya, don kada wani ya ɗora mana abin da ba mu ce ba. Ba mu ƙi ginin da ba kowa ciki ya zama wurin kwanan ɗan Adam ba. A ce gini mai bango da rufi a tsakiyar birni ya zauna a kulle, tantabaru na sheƙa a ciki, mutane na kwana bakin ƙofarsa cikin sanyin Turai, ai wannan shi ne ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Tambayarmu ɗaya ce tak, ita ce kuma manyan can ba su son ji: in an mai da coci gida, wane ne zai kwana a ciki?

Kada kuma wani ya ce ina ruwanmu da coci. Musulmi ne kai ko Kirista, in dai ka taɓa sa hannu a aljihu ka ba da gudunmawar ginin da aka ce na jama'a ne, to, maganar nan ta shafe ka.

YADDA BENCI YA ZAMA WAYAM

Ga yadda abin ya taso. A ƙidayar jama'a ta 2001, mutum 72 cikin 100 na Ingila da Wales suka ce su Kirista ne. A ta 2011 suka koma 59. A ta 2021 suka koma 46, karo na farko ke nan da ba su kai rabi ba. Cocin Ingila, watau cocin gwamnati wanda Sarki ne shugabansa, yana da gine-gine wajen 16,000, amma a 2014 masu zuwa ibada cikin mako suka kasa cika miliyan ɗaya, a ƙasar da ta fi mutum miliyan 50. Ku 'yan kasuwa ba a koya muku lissafi, ku raba ku gani. Kowane coci wajen mutum 60 ke nan, alhali da yawansu an gina su ne don ɗaruruwa, waɗansu ma don dubu. Mutum 60, galibi tsofaffi, ba su iya biyan gyaran rufin da ya shekara ɗari da hamsin.

A 1968 aka yi dokar da ta shimfiɗa hanyar rufe cocin da aka ce ba a bukatarsa. Daga 1969 zuwa yau Cocin Ingila kaɗai ya rufe kusan 2,000. In aka haɗa da na sauran ɗariƙu, wata ƙungiya mai kula da gine-ginen ibada, National Churches Trust, ta ce a 2024 majami'u fiye da 3,500 aka rufe a Birtaniya cikin shekara goma. Waɗansu an rushe, waɗansu an ba wata ɗariƙa, waɗansu sun zama ofis ko kanti, da dama kuma sun zama gidaje. Duk wannan ba mu musa ba. Mutane sun ragu, rufi na yoyo, dole a san abin yi da ginin.

DA KUƊIN WA AKA GINA?

Amma kafin dillali ya ɗaga kaya ya ce nawa za a saya, ai sai a tambayi mai kayan. To, wane ne mai kayan?

A 1818, bayan an gama yaƙin Napoleon, Majalisar Dokokin Ingila ta fitar da fam miliyan ɗaya daga baitulmali don a gina majami'u a sababbin unguwannin ma'aikata, a Landan da garuruwan masaƙu na arewacin ƙasar. A 1824 ta ƙara fam 500,000. Da wannan kuɗi, haɗe da gudunmawar jama'a, aka gina coci fiye da 600. Ku lura da shekarar da kyau. Tun 1816 attajiran majalisar suka soke harajin da a ke karɓa bisa abin da mutum ya samu, ba a kuwa mai da shi ba sai 1842. Saboda haka mafi yawan abin da ke shiga baitulmali a lokacin daga kuɗin fito da harajin kayan masarufi ya ke fitowa: gishiri, sabulu, kyandir, sukari, ganyen shayi. Wa ya fi jin zafin harajin gishiri da sabulu, mai masaƙa ko mai yi masa saƙa? Kun san amsa.

Ba a tsaya nan ba. Har 1868 akwai harajin coci na tilas, wanda mai gida da mai shago ke biya don gyaran cocin unguwa, ko da shi ɗan wata ɗariƙa ne, bai taɓa taka ƙofarsa ba. Wanda ya ƙi biya a kwashe kayansa a yi gwanjonsu, waɗansu har kurkuku aka kai su. Sa'an nan da aka gama ginin, sai aka sa wa kujerun gaba kuɗin haya. Mai hali ya kama kujerarsa shi da iyalinsa shekara-shekara, talaka kuwa a nuna masa bencin kyauta can baya ko can gefe, inda iska ke shigowa. Ya biya kuɗin tubali, ya ɗauki tubalin da kansa, aka zaunar da shi bakin ƙofa.

A Amurka baitulmali bai gina coci ba, amma labarin bai sake ba. Baƙi ne da suka zo ci-rani daga Ailan da Jamus da Italiya da Polan, 'yan dako a tashar jirgin ruwa, da masu aikin masana'anta, da 'yan mata masu aikatau a gidajen masu kuɗi, su suka riƙa jefa 'yan kwabbansu cikin baiko kowace Lahadi, shekara da shekaru, har hasumiya ta tashi. Wanda ya ce ginin nan na bishop ne don sunansa ke kan takarda, ya faɗi abin da takarda ta ce. Wanda ya ce na jikokin 'yan dakon nan ne, shi ya faɗi gaskiya.

ABIN DA AKA YI A BOSTON

Mu ɗauki gari ɗaya mu duba shi sosai, watau Boston ta Amurka. A watan Mayu na 2004 babban limamin Katolika na garin, Sean O'Malley, ya ba da sanarwar zai rufe majami'u 65 cikin 357 da ke ƙarƙashinsa. Dalilin da aka bayar shi ne ƙarancin limamai, da raguwar masu ibada, da tsadar gyara.

A unguwar South End akwai wani coci mai suna Holy Trinity, wanda baƙin Jamus suka gina da dutse, aka buɗe shi a 1877. Ban da ibada, a ƙarƙashinsa akwai wurin da tsofaffi marasa gida ke fakewa da rana su sami abin sawa a baki. A 2008 aka rufe cocin. A 2014 aka sayar da shi dala miliyan 7. Masu saye suka kware rufin, suka ƙwaƙule cikin, suka bar bangon dutse da hasumiya don ado, suka tayar da bene hawa 8 na ƙarfe da gilashi a tsakiya. Gidaje 33 aka fitar, aka raɗa wa wurin suna The Lucas, aka sayar da manyan cikinsu miliyoyin daloli. Haba jama'a! Tsohon da ke shan miya a ƙarƙashin ginin nan jiya, yau ko bakin ƙofa ya tsaya ya daɗe sai mai gadi ya tambaye shi wa ya ke nema.

Ba duka mutane suka naɗe hannu ba. A Scituate, wani ƙaramin gari a bakin teku kudu da Boston, da aka ce an rufe cocinsu a watan Oktoba na 2004, sai jama'ar suka shiga suka zauna. Suka riƙa karɓa-karɓa dare da rana, waɗansu na kwana a ciki, ba a taɓa barin ginin ba kowa ba, har kusan shekara 12. Hujjarsu ita ce da kuɗinsu aka gina, da kuɗinsu a ke gyara. Hukumar cocin ta kai su ƙara. Kotu ta duba takardar mallaka, ta ce masu shiga ba izini ne. Suka ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli ta Amurka, a watan Mayu na 2016 ta ƙi ko saurarensu, suka yi ibadar ƙarshe suka fita suna hawaye. Ku ji fa, mutum ya zama baƙo mara izini a ɗakin da ya gina da guminsa. Wannan shari'a ita ta tone asirin al'amarin duka. Lokacin tara kuɗi sai a ce namu ne gaba ɗaya, lokacin sayarwa kuwa sai a ce na mai sa hannu ne.

DABARUN MASU ALƘALAMI

Mu koma Ingila, inda yunwar gida ta kai intaha. A 1980 gwamnatin Margaret Thatcher ta yi dokar sayar da gidajen hukuma ga masu haya cikinsu da rangwame mai yawa, ta kuma ɗaure hannun hukumomin gari ta hana su sa yawancin kuɗin a gina waɗansu. Gidaje kusan miliyan 2 suka fita daga hannun jama'a ta wannan hanya. A 2024 iyalai wajen miliyan ɗaya da dubu 300 ke kan layin jiran gidan hukuma a Ingila, yara fiye da 150,000 kuma suna kwana a masaukin wucin gadi, yau nan gobe can. A cikin wannan hali ne a ke sayar da majami'un tsakiyar birni, waɗanda ke kusa da tashar mota da kasuwa da makaranta da asibiti, daidai inda mai ƙaramin ƙarfi ya fi bukatar zama.

Za ku ce, ai akwai doka. Akwai kam. Wata doka ta 1990 ta ba hukumar gari ikon ta ce wa ɗan kwangila, in kana son izinin gini, sai ka ware wani kashi na gidajen don masu ƙaramin ƙarfi. Amma bango ya tsage, ƙadangaru kuwa sun san tsagar. Ga guda huɗu da muka ƙirga.

Ta farko, a 2014 gwamnati ta fito da ƙa'idar cewa ƙaramin aiki, wanda gidajensa ba su wuce goma ba, kada a nemi wannan kashi daga gare shi. Waɗansu hukumomin gari suka kai ƙara, amma a 2016 kotu ta tabbatar da ƙa'idar. To, coci nawa ne ba za a iya yanka shi gida takwas ko tara manya-manya ba, maimakon goma sha biyar matsakaita? Ɗan kwangila ya san inda zai tsayar da ƙirgensa.

Ta biyu, a wannan shekara ta 2014 aka ƙara da cewa in ginin ya zauna ba kowa aka zo aka raya shi, sai a rage wa mai aikin kashin talakawa gwargwadon faɗin tsohon ginin. Cocin da aka kulle kuwa ai shi ne gini ba kowa. Watau kullewar da ta hana talaka shiga ibada, ita ce kuma ta zama hujjar hana shi ɗaki.

Ta uku, in duk waɗannan ba su fishe shi ba, sai ɗan kwangila ya ɗauko akawunsa su rubuta takardar lissafi, su nuna wai in aka ware wa talakawa ɗakuna ribarsa za ta faɗi ƙasa da abin da ya kamata. Ribar da ƙa'idar gwamnati ta ɗauka daidai ce kuwa ita ce kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na kuɗin sayar da gidajen. Ku da ke sayar da hatsi da atamfa, ku faɗa mana, wace hukuma ce ta taɓa lamunce muku riba kafin ku kasa kaya? Ku kun san ciniki sa'a ne, yau riba gobe faɗuwa. Shi kuwa an ɗaure masa ribarsa da igiyar doka, in za a rage wani abu sai dai a rage rabon mara gida.

Ta huɗu ita ta fi ban takaici. Tun 2011 aka sake wa kalmar araha ma'ana. Gidan da a ke karɓar hayarsa har kashi 80 cikin 100 na hayar kasuwa, a takardar gwamnati sunansa gida mai araha. A tsakiyar Landan, inda hayar kasuwa ke cinye albashin malamin makaranta, rage kashi 20 me ya tsinana wa mai shara da mai wankin kwano? An sa wa kura suna tunkiya, an ce a sake ta cikin garke.

Bayan duk wannan, wanda ya mai da coci gidan kwana kashi 5 cikin 100 ya ke biya na harajin sayen aiki, alhali gyaran gida na yau da kullum kashi 20 a ke biya. Ashe har yau baitulmali na sa hannu cikin ginin nan, kamar yadda ya sa a 1818.

UZURIN MANYA DA AMSARMU

Manyan coci da 'yan kwangila suna da uzuri biyu, ba kuwa za mu ɓoye muku su ba.

Na farko, sun ce gyaran coci da tsada ya ke. Rufi can sama, tagogi dogaye, bango mai kauri da wuyar ɗumamawa, waɗansu da kaburbura a harabarsu, ga kuma dokar adana kayan tarihi wadda ta shafi fiye da 12,000 cikin majami'un Cocin Ingila, ta hana a taɓa su yadda aka ga dama. Sun ce in ba mai kuɗi zai saya ba, aikin ba ya fitar da kansa. Akwai gaskiya a nan, ba mu raina ta ba. Amma ba kowane coci ne mai shekara ɗari bakwai ba. Dubbai ginin jan bulo ne na zamanin Sarauniya Biktoriya, da ƙananan ɗakunan ibada na Metodis da Baptis. Da yawa kuma suna da zauren taro a gefe, da gidan limami, da fili, inda za a iya tayar da ɗakuna ba wahala. In kuma gini ya kai darajar da ƙasa za ta hana a rushe shi, ta kuma rage haraji don a raya shi, to, ƙasar na da bakin cewa ga wanda zai zauna ciki. Mai biyan kuɗin kiɗa shi ke zaɓen taken da za a kaɗa.

Na biyu, sun ce doka ce ta ɗaure su, domin dokar ƙungiyoyin sadaka ta ce in za su sayar da ƙasa ko gini sai su nemi ciniki mafi kyau da za a iya samu. Wannan uzuri da a bakin wani ƙaramin limamin ƙauye muka ji shi da mun yi shiru. Amma Cocin Ingila yana da bishop 26 zaune a Majalisar Dattawan ƙasar. Babban taron cocin kuma yana da ikon tsara dokokin kansa, in Majalisar Dokoki ta amince su zama dokar ƙasa. Wanda ke riƙe da alƙalami ba ya cewa rubutu ya fi ƙarfinsa.

Su da kansu ma sun san haka. A watan Fabrairu na 2021 kwamitin da Babban Limamin Kantabari na lokacin, Justin Welby, ya kafa ya fitar da rahoto, ya ce mutum wajen miliyan 8 a Ingila na zaune cikin cunkoso, ko gidan da ya fi ƙarfin aljihunsu, ko wanda bai dace da zaman mutum ba. Rahoton ya nemi cocin ya riƙa duba amfanin jama'a in zai sayar da ƙasarsa, kada ya tsaya kan wa ya fi tayi. Madalla da wannan magana. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kwamishinonin Coci, watau ma'ajin dukiyar Cocin Ingila, abin da ke hannunsu ya haura fam biliyan 10 a 2023, miliyan dubu goma ke nan. Su ne kuma a 2005 da 2006 suka sayar da gidaje fiye da dubu na masu ƙaramin ƙarfi a Landan, waɗanda aka sani da sunan Octavia Hill, matar da ta fara kula da su tun ƙarni na 19, 'yan haya na kuka, 'yan majalisa na roƙo, ba su fasa ba. Sun ce da ribar a ke biyan fanshon limamai da aikin coci a yankunan matalauta. To, a kori matalauci daga ɗakinsa don a sami kuɗin yi masa wa'azi, wannan wane irin lissafi ne?

ABIN DA UNGUWA KE RASAWA

Akwai kuma asarar da ba ta shiga takardar dillali. Coci a unguwar talakawan Turai shi ne zauren unguwa, ko ga wanda ba ya ibada a ciki. Nan a ke raba abincin sadaka, nan marasa gida ke kwana lokacin hunturu, nan mata ke kai yara reno, nan a ke taro in abu ya taso. Ƙungiyar Trussell, wadda rumbunan abincinta da yawa a majami'u su ke, ta raba ƙunshin abinci fiye da miliyan 3 cikin shekara guda, daga 2023 zuwa 2024.

Ku tuna daren 14 ga Yuni, 2017, da gobara ta kama benen Grenfell mai hawa 24 a yammacin Landan, mutum 72 suka rasu, galibinsu 'yan hayar gidan hukuma. Kafin gari ya waye, kafin hukuma ta farga, cocin St Clement da ke kusa ya buɗe ƙofa, haka cocin Metodis na unguwar, haka masallacin Al-Manaar. Nan waɗanda suka tsira suka sami bargo da ruwa da wurin zama su nemi 'yan'uwansu. Da an riga an yanka waɗannan gine-gine an sayar wa attajirai, ƙofar wa za a ƙwanƙwasa da ƙarfe uku na dare?

Kada kuma a ce babu masu son ginin don ibada. Wani bincike na Jami'ar Roehampton a 2013 ya ƙirga majami'un baƙar fata aƙalla 240 a gundumar Southwark kaɗai, a kudancin Landan, da yawansu na 'yan Nijeriya da Gana. Galibinsu a tsofaffin sito-sito da saman kantuna su ke taruwa. Ga masu ibada ba gini, ga gini ba masu ibada, amma in aka buga ƙararrawar gwanjo ɗan kwangila ya fi su tayi. Da can ba haka a ke yi ba. A titin Brick Lane na gabashin Landan akwai ginin da 'yan gudun hijirar Faransa suka gina coci a 1743, ya koma hannun Metodis a 1819, ya zama wurin ibadar Yahudawa a ƙarshen wannan ƙarni, ya zama masallacin 'yan Bangaladash a 1976. Ya sake hannu sau da dama, amma kullum ƙofarsa a buɗe ta ke ga baƙon da ya sauka unguwar ba shi da komai. Ranar da gini ya zama gidan attajiri, an rufe wannan ƙofa ke nan har abada.

AN YI AN GANI

In sun ce abin da mu ke nema ba ya yiwuwa, sai mu nuna musu inda aka yi. A Arlington ta jihar Bajiniya, kusa da Washinton, wani cocin Presbiteriya ya ga mutanensa sun ragu. Suka fita suka zaga unguwa suna tambayar maƙwabta abin da ya fi damunsu, aka ce musu kuɗin haya. A 2016 suka sayar da filinsu dala miliyan 8 da rabi, ƙasa da abin da kasuwa za ta ba su, ga wata ƙungiya mai gina gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Aka rushe tsohon ginin, aka tayar da gidaje 173, aka buɗe a 2019, su kuma suka kama hayar wani sashe a ƙasan benen suna ibadarsu. Sun rasa hasumiya, iyalai 173 sun sami makwanci. A Boston an tsare hasumiya an kori mutane. Ku auna da kanku wanne ya fi kusa da abin da aka gina coci dominsa.

A 2023 kuma jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta ba wuraren ibada damar gina gidaje a filayensu ba tare da doguwar wahalar neman izini ba, bisa sharaɗin gidajen su zama na masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Ashe dai in an so, alƙalamin da ya buɗe wa attajiri ƙofa yana iya buɗe wa talaka.

ABIN DA MU KE CEWA

Ga matsayinmu a fili.

1. Kada a sa cocin da aka rufe a kasuwa sai an fara tallata shi ga mutanen unguwa, da sauran masu ibada, da hukumar gari, da ƙungiyoyin gina gidajen talakawa, a kuma ba su lokacin da za su tara kuɗi.

2. In za a mai da shi gidaje, a rubuta cikin takardar ciniki cewa rabi ko fiye na masu jiran gidan hukuma ne, hayar kuma a ɗaura ta bisa abin da ma'aikacin unguwar ke samu.

3. A toshe tsagar nan ta gida goma da ta gini ba kowa ga duk ginin da aka yi da kuɗin jama'a.

4. A bar zaure ɗaya a ƙasa wanda ƙofarsa ke buɗe ga kowa.

5. A buga lissafin kowane ciniki a manna a ƙofar ginin: nawa aka sayar, wa ya saya, ina kuɗin suka tafi.

Ku 'yan'uwanmu na kasuwa, kun san wannan wasa ko ba ku taɓa ganin Landan ba. A ce wuri ya tsufa, a ce za a gyara, a ce ku ɗan matsa, in an gama a ce sabon kuɗin ya fi ƙarfinku. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, ya shafa wa nasa ruwa. Duk abin da aka tara kuɗin jama'a aka gina, tun yau ku tambaya da sunan wa takardarsa ta ke, kada ku bari sai ranar gwanjo ku yi ihu bayan hari. Mutanen Scituate kusan shekara goma sha biyu suka kwana a kan benci kafin alƙali ya gaya musu abin da ke rubuce tun farko.

Allah ya ba mara gida makwanci, ya kuma kare dukiyar jama'a daga hannun dillalai. Amin.